Yadda Metir Dodo Ya Haɗa Kan Tsirkiya Shida

"Ni kunnena bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ido yana ƙarya, baki yana ƙarya, likita ma yakan yi kuskure ya ce ƙaddara ce. Amma kunnen Dodo, daga Tanut har Agadas, in ya ce abu ya karkace, to ko maƙerinsa ya zo da rantsuwa, ya karkace."

Wannan magana ita ce kalacin Dodo, ita ce kuma abincin ranarsa. In ka taɓa sauka a tashar Tanut, aboki, ka ji ta ko da ba ka san mai ita ba, domin rumfarsa tana daf da inda 'yan kabu-kabu ke jiran fasinja, kuma muryarsa ba ta san katanga ba.

Sana'arsa miƙe ƙafar moto, wato babur. In ƙafa ta faɗa rami ta fara rawa, wurinsa ake kawo ta. Sai ya ɗaga ta sama, ya ɗauki ɗan kile, ƙaramar sifanarsa, ya bi reyon ɗaya bayan ɗaya, wato siraran wayoyin nan da ke riƙe da da'irar ƙafa, yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Tin, tin, tin, tan. Wanda ya ce tan, shi ne mai laifi. Sai ya ɗaure shi har ya ce tin kamar 'yan'uwansa. In duk suka yi murya ɗaya, ƙafa ta miƙe. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya. Matsalar Dodo ba rashin iyawa ba ce. Abu ɗaya ya iya, sai ya ɗauka da shi aka gina duniya.

Saboda haka komai ƙwanƙwasa shi yake yi. Kankana a kasuwa, tulun matarsa, ƙofar masallaci. Ya taɓa ƙwanƙwasa ƙahonin ragon layyar maƙwabcinsa, ya ce na hagu ya saki. Shi ya naɗa kansa Metir, wato babban gwani, ba wanda ya halarci naɗin. Jibo mai shayi, wanda teburinsa ke jikin rumfar, shi kuma Sarkin Kunnen Damargu yake ce masa, kuma Dodo yana amsawa.

Wata rana da hantsi sai ga Zakiyyu, ƙanin matarsa Raliya, ya iso daga Belbeji. Zakiyyu allura yake yi wa dabbobi, mutum ne mai sanyin hali, wanda ko raƙumi ba ya riƙe shi a zuci. Ƙafar motonsa ta gaba tana rawa, shi kuma ya goyo wani abu a baya cikin tsohon bargo.

Dodo ya ce, "Likitan awaki! Wa ya suma ka goyo?"

"Yaya Dodo, ina kwana. Rami na faɗa a kwarin Tarka, ka taimaka ka miƙe mini ƙafar nan. Kuma ka lallaɓa birkin hannu, shi kaɗai ya rage mini. Na ƙafa ya rasu tun damina."

"Allah ya jiƙansa. Na ce me ka goyo?"

Zakiyyu ya duba hagu, ya duba dama, ya kwance bargon. Jita ce, ja, mai tsirkiya shida, ta ɗan sha hannu amma tana ƙyalli. Ya rage murya ya yi bayani. Ya daɗe yana koyo a wurin Mamman, wani Ba'abzine makaɗin jita da ke zaune a Belbeji. Yau da la'asar Mamman da mutanensa za su yi wasa a wani biki nan cikin Tanut, kuma ya ce masa: ka zo da jitarka a saite da hannunka. In na kaɗa na ji daidai, ka tsaya bayana ka yi mini rakiya a gaban jama'a. In ban ji ba, ka koma wa awakinka, ba faɗa ba gaba.

"Mamman ba ya faɗin magana sau biyu," in ji Zakiyyu. "Yau ce kawai."

Dodo bai ji rabin wannan ba. Tuni ya miƙa ɗan yatsa ya ja tsirkiya ta sama, mai kauri. Ta ce dum. Ya ja ta biyu. Ya bi su har ta ƙasa, siririya, wadda ta ce tsin. Fuskarsa ta koma irin ta likitan da ya saurari ƙirji ya ji abin da ba zai faɗa a gaban iyali ba.

"Inna lillahi. Wa ya cuce ka?"

"Lafiyarta lau, Yaya. Ɗaya ce ta ɗan saki saboda girgizar hanya, yanzu zan gyara."

"Ɗaya? Waya shida, murya shida! Wannan ai ba kayan kiɗa ba ne, zaman rabon gado ne."

Zakiyyu, da yake mai haƙuri ne, ya ɗora jitar a cinya ya nuna masa. "Ka ga waɗannan gidajen da ƙarafa suka raba a wuyanta? In na danna babbar tsirkiya a gida na biyar, dole muryarta ta zama ɗaya da ta mai bi mata, ita a sake. In ba su haɗu ba, sai in murɗa kunnen nan na sama, kaɗan-kaɗan, har su haɗu. Haka zan yi ta sauka. Ɗaya ce mai taurin kai, ita a gida na huɗu ake danna mata."

"Tsaya," in ji Dodo. "Muryarta ta zama me?"

"Ta zama ɗaya da..."

"Jibo, ka zama shaida. Da bakinsa ya faɗa. Murya ɗaya ake nema! Kawai dai su makaɗa, da yake ba su san aiki ba, sai sun shaƙe ta a wuya kafin ta yarda. A hannun gwani kuwa, ba shaƙa, ba danniya, da kansu za su shirya."

"Yaya Dodo, don girman Allah kada ka taɓa ta."

"Ni? Me ya haɗa ni da kayan wasan yara?"

To, ba ya yiwuwa mutum ya shigo Tanut bai je ya gai da yayarsa ba, ga shi kuma ya kawo mata cuku daga Belbeji. Shiga gida da jitar kuwa ba ya cikin lissafi, domin Zakiyyu ya yi imani in Raliya ta gani, kafin magariba labari ya kai wa mahaifinsu a Gangara, shi kuwa tsoro yake tsohon ya ji ɗansa ya zama makaɗi. Ko a wurin bikin ma niyyarsa ya naɗa rawani ya rufe fuska kamar sauran makaɗan. Saboda haka ya nannaɗe jitar, ya rataye ta a ƙusa can cikin rumfar, ya sake roƙon Dodo, ya tafi. Ya ce yanzu zai dawo.

Bai san tunkiyar Raliya ta ƙi cin abinci ba. Bai kuma san cewa in aka ji likitan dabbobi ya shigo unguwa, kowace akuya sai ta tuna da tsohon ciwonta ba.

Dodo ya cika alkawari har Zakiyyu ya sha kwana. Sannan ya sauko da jitar.

"Sarkin Kunne," in ji Jibo, yana ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi, "na ji kamar an ce kada a taɓa."

"Taɓawa daban, ceto daban."

Ya shimfiɗa ta a kan benci. Ya zaɓi ɗaya daga cikin tsirkiyoyin tsakiya ya naɗa ta liman, ya ce sauran duk su bi ta. Ya fara da sirara. Waɗannan sassautawa suke so, ya yi ta sassautawa har suka sauko wajen muryar liman, amma kafin su iso sun yi laƙwas kamar igiyar shanya da aka ɗora wa bargo jiƙaƙƙe. Dodo ya ce kunya ce, za su saba.

Sai ya koma kan masu kauri. Waɗannan ɗaurewa suke so. Ya murɗa kunnen babbar da hannu har hannu ya gaza, ya ɗauko filaya. 'Yan kabu-kabu suka fara barin inuwarsu suna matsowa. Babbar tsirkiya ta tashi daga dum ta koma dam, ta koma dim, itacen jitar ya fara wani ƙara kamar gadon kara da ƙato ya zauna a kai.

"Kun ji? Tana tahowa."

Tau!

Tsirkiyar ta tsinke, ta yi bulala a iska, ta ɗauke hular Dodo ta jefa ta cikin robar da Jibo ke wanke kofuna. Jibo ya tsamo hular, ya matse, ya miƙa masa da hannu biyu.

Dodo ya ce, "Ruɓaɓɓiya ce. Gara da ta mutu a asibiti da ta mutu a gaban jama'a. Yaron nan ba zai san abin da na yi masa ba."

"Zai sani," in ji Jibo.

Ta biyu ba ta ma jira filaya ta gama zagaye ba. Ita a babban yatsa ta same shi. Ya sa yatsan a baki, ya daɗe, sannan ya ce ɗanɗana ƙarfen yake yi, kuma ya ji ba mai kyau ba ne.

A nan ne, aboki, Dodo ya gano asalin cutar. Ya ɗaga guntun mai kaurin a hannun dama, ya ja siririyar da hagu, ya nuna wa jama'a.

"Ku duba nan, ku da kuke hawa moto. Wa ya taɓa ganin ƙafa mai reyon wani kamar sandar makiyayi, wani kamar gashin jariri? Ragowar waya suka share a ƙasan shago suka ɗaura wa yaron nan. Ta ina za a yi zaman lafiya, wani ya ƙoshi wani yana jin yunwa?"

Wani ɗan kabu-kabu ya ce wallahi maganar da hankali. Wannan mutum bai san irin alhakin da ya ɗauka ba.

Dodo ya kwance sauran huɗun ya watsar. Yanzu ana bukatar waya shida masu kauri ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya duba akwatinsa, babu. Ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan moton Zakiyyu, wanda ke jingine tun hantsi ba wanda ya ce masa sannu. Wayar birki, in ka warware ta, siraran wayoyi ne aka tufka kamar igiya, kowace daidai da 'yar'uwarta. Kafin ka ce kwabo ya zare ta yana warwarewa.

Jibo ya ce, "Metir, wannan ba birkin likita ba ne?"

"Aro na yi. Moto a tsaye yake, me zai yi da birki?"

Jibo ya yi tunani, ya ƙara sukari.

Aiki ya ɗauki lokaci. Ya ɗaura, ya ja, ya kasa kunne, ya murɗa, ya sake ja. Kuma a nan ma a faɗi gaskiya: tun da aka kafa Damargu ba a taɓa daidaita waya shida da juna kamar yadda Dodo ya daidaita waɗannan ba. Ya bi su daga sama har ƙasa. Tin, tin, tin, tin, tin, tin. Ko uwar da ta haife su ba za ta bambance su ba.

Sai dai muryar ta yi siririya. Dodo ya juya jitar, ya duba gaba, ya duba baya, sai ya tsaya cak a kan ramin nan da ke tsakiyar cikinta. Ya sa yatsa ya zagaye bakinsa. Ya girgiza kai.

"Ga inda take yoyo."

"Ina jin haka ake yin su," in ji wani daga baya.

"Haka ake yin su! Kai in aka kawo maka taya da huji kamar bakin rijiya, sai ka ce haka ake yin ta?"

Ya yanko tsohon tib na taya, ya kankare bakin ramin, ya shafa gam, ya hura, ya manna faci, ya danna da gwiwar hannu har ya kama. Da ya sake ja, sai jitar ta yi wani sauti kamar sauro a cikin tulun da aka rufe. Dodo ya lumshe ido.

"Yanzu ta natsu."

Daga nan hankalinsa ya koma kan ƙarafan wuya. Ya auna da yatsu, ya ga gidajen sama masu faɗi ne, na ƙasa kuwa matsattsu, kamar filayen da aka raba da son kai. Har ya miƙa hannu wajen guduma sai aka kira azahar. Masana sun ce da ladanin ya yi jinkirin shan ruwa, da yau wani labarin nake ba ka.

Bayan salla ya buɗe makaranta. Ya zaunar da 'yan kabu-kabu a kan benci, ya ce duk mai son koyon saita jita daga tushe ya matso, yau kyauta ne. Ya koya musu cewa farkon abin da mai koyo zai yi shi ne kada ya saurari mai jitar, domin da ya san gyara da bai kawo ta ba. Da aka tuna masa ba kawo ta aka yi ba, ya ce wannan ya ƙara nuna girman jahilcin. Ya kuma sanar cewa zai sa a ƙara rubutu a allon rumfarsa, a ƙarƙashin Gyaran Reyon a sa da Jita.

Inuwa ta fara tsawo, Zakiyyu bai dawo ba. Yana can a tsakar gidan Raliya da wata tsohuwa da ta kawo akuya mai tari, bayanta ga layi. Daga can ƙasan gari aka fara jin ana gwada lasifika.

Dodo ya miƙe ya kaɗe riga. "In na bar likitan awaki ya kai ta, cewa zai yi shi ya yi. Mutanen yanzu ba su da amana a kan ilimi. Da kaina zan kai wa Mamman, gwani ya ga gwani."

Ya goya jitar ba ko bargo, ya haye moton Zakiyyu, ya buga. Ƙafar gaba, wadda saboda ita aka zo, tana nan yadda ramin Tarka ya bar ta.

Jibo ya ɗaga murya. "Metir, birki..."

"Na sani!" in ji Dodo, ya kama gangaren da ya nufi filin bikin.

Ba a jima ba sai ga Zakiyyu da gudu-gudu, hannunsa na warin maganin dabbobi. Ya dubi ƙusa, ba komai sai bargo.

"Jibo, ina jitar?"

"Ta tafi biki."

"Motona fa?"

"Ya raka ta."

"Ya miƙe ƙafar?"

"Bai samu sukuni ba."

Zakiyyu ya ga hannun birki a ransa. "Birkin fa?"

Jibo ya ɗauraye kofi, ya kife shi. "Shi ma yana can. A jikin jitar."

A filin biki an shimfiɗa tabarmi, maza a gefe, mata a gefe, Raliya tana cikinsu da sabon lalle. Mamman da mutanensa sun naɗa rawuna, ido kawai ake gani, ƙaramin injin wuta yana gurnani a bayansu. Sai aka hango moto yana gangarowa, kansa yana kaɗawa kamar mai cewa a'a, a'a, a'a.

Dodo ya matse hannun birki. Hannun ya zo har jikin yatsunsa cikin ladabi, ba gardama. Ya taka na ƙafa, ya tuna an yi masa ta'aziyyarsa da safe. A cikin neman abin kamawa ya murɗa mai.

"Salamu alaikum!" in ji shi, ya wuce tsakanin maza da mata.

Kafin a amsa ya kai ƙarshen fili. Ya yi kwana cikin rairayi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya dawo ta bayan makaɗa.

"Ina wuninku!"

"Lafiya lau," in ji wasu, suna amsa wa bayansa.

Wani tsoho da ke kan kujera ya ce wa na kusa da shi, "Wannan ɗan wane ne? Akwai ladabi. Kowa sai ya gaishe shi."

"Kashe inji!" in ji jama'a.

"Na sani!"

Abin da ya sani bai tsayar da shi ba. Tulin yashin da wani ya tara don gini ne ya tsayar da shi. Moto ya nutsa kai a ciki ya yi shiru. Dodo ya wuce ta saman kan moton ya sauka a zaune, ya zamo har gindin tulin, daidai ƙafafun Mamman. Ya tofar da yashi, ya kwanto jitar daga baya, ya miƙa da hannu biyu.

"Metir Dodo. Na san ka ji sunan. Ga jitar almajirinka, na yi mata aiki."

Mamman dogo ne, ba ya gaggawar komai. Ya karɓa. Ya dubi facin. Ya kai shi hanci ya shinshina. Ya ja wayoyin daga sama har ƙasa, suka ce tin gaba ɗayansu. Ya jera yatsu a wuya yadda ya saba tun yana saurayi, ya kaɗa. Abin da ya fito, wata yarinya da ke kusa ta ɓuya a bayan uwarta.

Mamman ya ce, "Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Kai kaɗai?"

"Ko kile ba wanda ya miƙo mini."

"Alhamdu lillahi," in ji Mamman. "Da ku biyu ne, da garin nan ya shiga uku."

Dodo ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya yi godiya. Mamman ya mayar masa da jitar ya ce tun da shi ya san halinta, ya ɗan taɓa wa jama'a. Dodo bai yi musu ba. Ya tsaya a tsakiyar fili, ya gyara hular da har yanzu ke warin shayi, ya rungume jitar, ya lumshe ido, hannunsa ya fara hawa da sauka. Jama'a suka yi shiru suna jira. Ba abin da ake ji sai injin wuta. An yi rashin sa'a, ko kuma sa'a, muryar da Dodo ya zaɓa wa wayoyinsa ta faɗa cikin gurnanin injin ta ɓace kamar gishiri a miya.

Can sai tsohon nan na kan kujera ya ce, "Yaro, ka fara mana."

Dodo ya buɗe ido. "Baba, ai na kusa gamawa."

Mata suka kife da dariya. Wata ta taɓa Raliya ta ce, "Ba maigidanki ba ne? Me ya yi wa abin?"

Raliya ba ta ko ɗaga kai daga kallon lallenta ba. Ta ce, "Murya ɗaya ya sa ta yi. Ni shekara da shekaru ita nake ji a gida."

Daidai nan ɗan kabu-kabu ya sauke Zakiyyu. Ba rawani, ba jita, ba moto, ga yayarsa tana kallonsa. Ya tsaya a gaban Mamman kamar wanda aka kira a jandarmeri amsa laifi. Raliya ta ɗago murya daga cikin mata ta ce, "Zakiyyu, saki jikinka. Baba ya sani tun bara. Cewa ya yi in dai ba ka bar allura ba, ka kaɗa ko turmi ne."

Mamman ya nuna jitar da ke hannun Dodo. "Na ce ka zo da ita a saite da hannunka. Wannan hannunka ne?"

"A'a."

"To ba a yi komai ba tukuna."

Ya juya ya ɗauko wata jita tasa da ke jingine, ya bi kunnuwanta shida ya murɗe kowanne inda ya ga dama, ban da na babbar. Ya miƙa wa Zakiyyu. Ya ɗaga hannu aka kashe injin wuta. Fili ya yi tsit, har ana jin tafasar tukunya daga cikin gida.

Zakiyyu ya zauna a bakin tabarma. Ya danna babbar a gida na biyar, ya ja. Ya ja mai bi mata. Muryoyin biyu suka yi ta karo da juna. Ya murɗa kaɗan. Ya sake ja. Ya ƙara kaɗan. Karon ya yi ta raguwa, ya yi ta raguwa, har ya kwanta.

"Sun haɗu!" in ji Dodo, wanda ya tsuguna a gefensa ba a gayyace shi ba. Kuma sun haɗu ɗin, kunnen ba ya ƙarya. "To yanzu cire yatsan ka ƙara ɗaure babbar har..."

"Metir," in ji Mamman, "riƙe mini wannan." Ya miƙa masa kofin shayinsa. "Da hannu biyu. Kuma ba a magana in ana riƙe da shi, al'adarmu ce."

Dodo ya riƙe, don yana girmama al'adar mutane.

Zakiyyu ya yi ta sauka. Da ya zo kan mai taurin kai, yatsansa ya nufi gida na biyar, ya tsaya, ya koma na huɗu. Idon Mamman ya ɗan motsa a cikin rawani. Da aka gama, Mamman ya karɓa, ya kaɗa sau ɗaya daga sama har ƙasa. Murya shida suka tashi, kowace da tata, suka tafi tare. Mamman ya mayar wa Zakiyyu da jitar, ya matsa gefe, ya bar wurin mutum ɗaya a bayansa.

An yi wasa har rana ta yi ja. Zakiyyu ya yi kuskure nan da can, ba wanda ya kula sai shi. Da aka tashi, Mamman ya ce masa ya riƙe jitar da ya saita, ta zama tasa, shi kuma a bar masa jar, yadda take, kada a cire ko facin.

"Me za ka yi da ita?" in ji Zakiyyu.

"Ina da masu koyo."

Moton kuwa a tura aka kai shi rumfa. Washegari Dodo ya miƙe ƙafar, ya sa sabuwar wayar birki, Raliya tana tsaye a kansa har ya gama. Tun daga ranar, duk ɗan kabu-kabun da ya kawo masa gyara, sai ya dafe hannun birkinsa ya ce, "Metir, ƙafa kawai. Ba kiɗa nake so ba."

Yanzu haka jar jitar tana rataye a zauren Mamman a Belbeji. Duk wanda ya zo koyo, kafin a ba shi ko tsirkiya ɗaya ya taɓa, sai an sauko da ita an ɗora masa a cinya, ya ja wayoyin, ya shafa facin, a ba shi labarin tun daga filaya har tulin yashi. Labari ya dawo Tanut, ya iske Dodo a rumfarsa, ya kuwa karɓe shi hannu biyu.

"Kun ji ko? Mutumin nan da ya ga aikina, tasa jitar ya bayar don ya samu tawa. Yau a Damargu kaf, ba mai koyon jita sai ya fara da aikin Dodo. Jibo, kana wurin. Ƙarya na yi?"

Jibo ya ɗaga buta sama, ya tsiyaya, ya jira kumfa ta kwanta.

"Gaskiya ne, Sarkin Kunne. Haka ake ɗora motar da ta yi hatsari a bakin hanya. Kowane direba da ita yake fara karatu."